Ƙoƙon Amsa a Hannun Ciroma Tunau

A shekarar da Kumbulawa suka kawo wa Birnin Dargaza yaƙi, Sarki Barmo ne a kan gado, bazara kuma ta yi nisa. Sarkin Kumbula ya zo da mutane kamar fara, ya sauka a bakin gulbi, ya kewaye ganuwa, ya hana shiga ya hana fita. Amma yawancin dakarunsa manoma ne da aka tattaro daga ƙauyuka, kowannensu idonsa yana gabas yana duban hadari. Duk birni an san cewa ranar da ruwan shuka ya sauka, babu sarkin da ya isa ya riƙe su a sansani. Abin da mutanen Dargaza ke nema bai wuce wannan ba, su kai ga ruwan fari ganuwarsu tana tsaye.

Sarki Barmo kuwa ba mai zaman jira ba ne, kuma wannan hali shi ya ja masa. Da ya ji abokan gaba suna sassaƙa tsani a kurmin bakin gulbi, sai ya fita ta Ƙofar Gulbi da barade da 'yan baka, ya auka musu da hantsi. Aka yi ɗauki ba daɗi har rana ta take. An ƙone tsani da dama, ba a musu, amma gwarazan Dargaza da yawa ba su dawo ba. Ana cikin juyowa kibiya ta sami Sarki a wuya. Ɗansa Ciroma Tunau ne ya sauka daga doki a tsakiyar ruwan kibau, ya saɓa uban a kafaɗa, Madawaki Jatau ya lulluɓe shi da alkyabba don kada kowa ya gane wanda aka ɗauko. Dafin kibiyar bai kashe Sarki ba, amma ya kwantar da shi, ya kuma tafi da muryarsa ƙaf.

Aka ɓoye maganar a cikin fada. A kan ganuwa kuwa, tsofaffi aka jera aka sa musu kwalkwali don a ga kawuna da yawa daga nesa. In da Sarkin Kumbula ya san haka ya sa tsani, da ko azahar birnin ba zai kai ba.

Ana cikin wannan hali sai ga mai busa ƙaho a bakin ƙofa. Ya ce Sarkin Kumbula zai aiko Turakinsa, Nomau, gobe da hantsi, kuma yana neman a amsa masa da ƙoƙo kamar yadda aka gada.

To, sai na tsaya na faɗi yadda wannan al'ada take, don a kanta komai ya rataya. Dargazawa da Kumbulawa kakansu ɗaya, kuma daga gare shi suka gaji ƙoƙon amsa. A ƙofar fada akwai duwatsu biyu masu faɗi suna fuskantar juna. Jakada ya hau ɗaya, mai amsa ya hau ɗaya. A cika wa kowannensu ƙoƙo da ruwa har baki, ya ɗora a tafin hannun dama, ya miƙe hannun, gwiwar hannu ba ta taɓa haƙarƙari. Jakada ne ke fara magana, sannan a amsa masa, kuma babu mai sauke ƙoƙo sai amsa ta ƙare. In ta ƙare, mai amsa ya shanye ruwansa in ya miƙa wuya, ko ya tuntsurar da shi ƙasa in yaƙi ya zaɓa. Wanda kuwa ruwansa ya zube kafin lokaci, to, kowa ya shaida zuciyar ƙasarsa ta mutu. Kana iya cewa camfi ne, ni ma ba zan yi gardama da kai ba. Amma dakarun ɓangarorin nan biyu sun yarda da shi fiye da yadda suka yarda da kaifin takobinsu. Kuma ba mai hawa dutsen amsa sai Sarki ko ɗan cikinsa.

Nan fa ake yin ta, domin ɗan da Sarki Barmo ke da shi ɗaya ne, Tunau.

Tunau namiji ne, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Yana jan bakan da ƙato biyu ke kasawa, yana wuni da mashi a hannu bai ce wash ba. Amma ka tara masa mutane su zuba masa ido, ka ce ya yi magana, shi ke nan ka kashe shi. Ranar da aka naɗa shi Ciroma, da aka ce ya gode wa jama'a, ya miƙe ya ce, "Ni... ni..." harshe ya sarƙe, gumi ya keto masa, ya koma ya zauna. Tun daga ranar 'yan kasuwa, da yake ba su da aikin da ya fi tsegumi, suke kiransa Ciroma Ni-ni a bayan idonsa. Ya sani sarai, kuma abin yana ci masa rai fiye da tabon mashin da ke cinyarsa.

Aka tara manyan fada a soron shawara. Galadima Cindo ne ya zauna a gaba, tunda shi ne babba in Sarki ba ya nan. Dattijo ne mai furfura, mai taushin murya, irin mutanen nan da za su yanka ka suna yi maka sannu. Madawaki Jatau na dama, Ciroma na hagu. A bayan asabari kuma Magajiya Gwamma na zaune, yayar Sarki, wadda ke da ikon sauraron shawara tun zamanin ubansu.

Galadima ya gyara murya ya ce, "Ya ku manyan Dargaza, Allah ya ba Zaki lafiya. Kun ga halin da muke ciki. Mazajenmu na kwance a kurmin gulbi, rumbunanmu sun yi ƙasa, rijiyoyi sai an ƙara igiya. Tun jiya ungulaye suka sauka a kan kukar fada, ba su tashi ba, ban kuwa taɓa ganin haka ba tun ina yaro. Ni tsoho ne, ba na tsoron mutuwa, amma ina tsoron in ga an jera matanmu da 'ya'yanmu a igiya. Shawarata, a shanye ruwan gobe. Sarkin Kumbula ɗan'uwa ne, in an bi shi da lalama zai bar mana garinmu."

Madawaki ya buga ƙasa da tafin hannu. "Babba, ranka ya daɗe, zai bar mana gari, amma wa zai ɗora a kansa? Gabas ta fara duhu da yamma, iska ta juya. Mutanensa sun fi mu son tafiya. In suka ga ƙarfi a fuskarmu gobe, ba za su yarda su hau tsani su mutu ana gab da shuka ba. A ba ni ƙoƙon ni in riƙe."

"Madawaki," in ji Galadima a hankali, "jarumtarka ba a ɓoye take ba. Amma kai ba jinin Barmo ba ne. Turaki Nomau ya san al'ada kamar sunansa. Da ya gan ka a kan dutse zai juya, ya ce wa ubangidansa gidan Barmo ya ƙare. In dai amsa za a yi, Ciroma ne zai hau." Ya juyo ya dubi Tunau da fuskar tausayi. "Ga shi nan zaune. Ciroma, ɗan Zaki, faɗa wa manyan ubanka, za ka iya?"

Duk soron aka juyo aka dube shi. Tunau ya buɗe baki, ya rufe. Ya dubi tabarma. Wallahi abin tausayi, mutumin da ya ɗauko ubansa daga cikin kibau, ga shi idon dattawa kaɗan ya hana shi cewa i ko a'a. Galadima ya girgiza kai, ya buɗe tafukan hannunsa, kamar mai cewa kun dai gani da idonku.

Sai murya ta fito daga bayan asabari. "Galadima, ungulu nama ya kawo ta, kuma a bakin gulbi gawar Kumbulawa ta fi tamu yawa, kada ka tsorata mu da tsuntsu. Ɗan ƙanena zai hau dutse gobe. Ku tashi, ku bar mini shi."

Galadima ya yi murmushi ya ce, "Yadda Magajiya ta ce." Bai yi gardama ko kaɗan ba, kuma da akwai mai lura, da wannan saurin yarda ya isa ya sa a sha jinin jiki.

Da soro ya watse, Magajiya ta sa aka ɗaga asabari. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, bakinta ja wur da goro. Tunau ya durƙusa a gabanta, kansa a ƙasa.

"Gwaggo, kin kashe ni," ya ce. Da yake su biyu ne, maganarsa tana fita sumul. "Ki ce in fita ni kaɗai in ɗauko kan Sarkin Kumbula, zan tafi yanzu. Amma dutsen nan, ba zan iya ba. In na ga idanu, wuyana ke shaƙewa, hannuna ya kama rawa. Zan zubar da ruwan, in zubar da garin."

"Tashi ka zauna, ka daina yi mini kukan yara," in ji ta. "Kana tsammani ubanka da dutse aka haife shi a ƙirji? Ranar da ya fara riƙe ƙoƙo, ni na riƙe masa kai yana amai a bayan bargar dawaki. Ya wanke baki ya fita, har yau ana ba da labarin ƙarfin halinsa a wannan rana. Wa ya ga cikinsa? Ni kaɗai, ni kuwa ban faɗa ba sai yau."

Tunau ya ɗago kai.

"Gobe ka hau dutsen ba takalmi. Ka laluba da ƙafar dama, za ka ji wani ɗan gurbi daidai babban yatsa. Ba magina suka yi shi ba, kakanninka ne suka ci shi da yatsunsu saboda tsoro. Ka sa naka a ciki ka danna, duk rawar da jikinka ke son yi ka tura ta can. Ƙoƙon kuwa kada ka kalle shi. Ka taɓa ganin mace ta ɗauko tulu tana leƙen ruwan? Mai kallon ruwa shi ke zubar da shi."

"To jama'a fa, Gwaggo? Gari guda zai taru."

"Ina ruwanka da gari? Ba da su za ka yi magana ba. Mutum ɗaya ne a gabanka, tsoho kamar Galadima, mai tumbi. Ka dubi tsakanin girarsa yadda kake duban inda za ka sa kibiya."

Sai ya faɗi abin da ya fi damunsa. "In harshena ya sarƙe fa? Zai sarƙe, na sani."

"Zai sarƙe," ta ce, ba ta ko tausaya masa ba. "Abin da ya kayar da kai ranar naɗi ba sarƙewar ba ce, kokawar da ka yi da ita ce, kana ni-ni kamar ɗan akuya. In ta zo, rufe bakinka. Ja numfashi ta hanci. Ci gaba da kallonsa har kalmar ta zo da kanta, ko da za a kai la'asar. Kai kaɗai ka san shirun tsoro ne, Tunau. Shi abin da zai gani, ɗan sarki ne ya tsare shi da ido bai ga damar magana ba. Kuma kada ka ce za ka yi irin dogon jawabin ubanka. Faɗi kaɗan, ka bar kowace kalma ta zauna kafin ka ɗora mata wata."

Ta tauna goronta, ta ƙara da cewa, "Je ka gaida ubanka. Ba zai iya ce maka komai ba, amma ya gan ka."

Washegari tun kafin hantsi ƙofar fada ta cika maƙil, maza da mata, har kan katanga. Rana ta fito da zafinta na bazara, ko ganye ba ya motsi. Aka buɗe ƙaramar ƙofa, Turaki Nomau ya shigo da 'yan rakiyarsa, suna tafe suna ƙirga kawunan da ke kan ganuwa da wutsiyar ido. Turaki mutum ne mai jiki, ya sha riga a kan riga, ya yi suna a ƙasashe da iya baki. An ce garuruwa da dama sun miƙa wuya ga Kumbula ba a harba kibiya ba, saboda shi kawai.

Aka buga tambari, Ciroma ya fito ba takalmi. Jama'a suka ga ba Sarki ba ne, sai gunaguni ya tashi, wasu mata suka dafe kai. Ya hau dutse, ƙafarsa ta laluba, ta sami gurbin nan. Yana nan kuwa, sumul kamar cikin turmi. Ya danna yatsa a ciki.

Cika ƙoƙo aikin Galadima ne. Ya cika na baƙo daidai baki. Da ya zo kan na Ciroma, sai ya yi ta ɗiga ruwa a hankali har ya yi tozo a saman ƙoƙon, yana ƙyalli. Madawaki ya gani, ya cije leɓe, amma ba halin magana a gaban baƙi.

Turaki ya miƙe hannu ya fara. Kai, mutumin nan ya iya magana, a ba shi abinsa. Ya fara da kakan kakannin Sarkin Kumbula, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da kirarinsu. Ya lissafa garuruwan da suka yi taurin kai da yadda aka mai da su kufai. Da gangan yake jan zancen. Dabararsa ke nan a ko'ina, ya bar mai amsa yana tsaye cikin idon jama'a, tsoro yana cinsa, har ruwan ya zube tun bai buɗe baki ba. Ya ja, ya ja, inuwa ta yi ta guntulewa.

Tunau kuwa zuciyarsa na dukan ƙirji kamar ana daka. Yana jin sanyin ruwan a tafinsa, yana jin yadda yake son ya leƙa ya ga ko ya fara zuba. Bai leƙa ba. Ya kafa ido tsakanin girar Turaki, ya danna yatsa har farcen ya fara yi masa zafi.

A ƙarshe Turaki ya zo kan saƙo. "Ga abin da Sarkin Kumbula, mai gulbi da tudu, ya ce. A buɗe ƙofofin Dargaza. A fito da tamburan sarauta a kai masa. Barmo ya fito da ƙafa ya yi gaisuwa, in yana iya tashi." Ya ɗan dakata, ya yi murmushi. "In kuwa ba ya iyawa, to, muna sauraron ɗansa. Mun ji labarin fasaharsa har a sansaninmu. Bismilla, Ciroma Ni-ni."

Fili ya yi tsit. Sunan da ake faɗa a rumfunan kasuwa, ga shi a bakin baƙo. Madawaki ya gane akwai maci amana a cikin gida, don birni a rufe yake, sunan nan da zancen rashin lafiyar Sarki ba su fita da ƙafarsu ba.

Tunau ya buɗe baki. "Ni..."

Harshe ya sarƙe. Wuya ya shaƙe, daidai irin na ranar naɗi. Wata tsohuwa a cikin taro ta ce wayyo a hankali, 'yan rakiyar Turaki suka fara duban juna suna danne dariya. Kalmar tana nan a maƙogwaro tana neman ya sake tura ta, ya sake cewa ni, ya ƙarasa kansa. Ya rufe bakinsa. Ya ja numfashi ta hanci, ya sake ja. Bai ɗauke ido daga goshin Turaki ba.

Shirun ya yi tsawo. Dariyar 'yan rakiya ta mutu da kanta. Murmushin Turaki ya daɗe a fuskarsa har ya rasa inda zai kai shi, ya janye. Mutumin da ya saba a ji tsoronsa, ga wani ƙato ya tsare shi da jajayen idanu, bai ce uffan ba, hannunsa miƙe kamar reshen gawo.

"Ni ne Tunau ɗan Barmo."

Muryar ta fito ƙasa-ƙasa, mai kauri, amma har na kan katanga sun ji. Ya sake yin shiru, don kalma ta gaba ba ta zo ba tukuna. Ya jira ta.

"Sarkin Dargaza ba ya tashi don bawan wani." Shiru. "Ya ce ni ma na yi maka yawa."

Wani ya yi gyaran murya a cikin taron, irin na jin daɗi. Rana ta take tsaka. Gumi ya fara bin wuyan Turaki yana shiga cikin rigunansa. Sai a lokacin ya tuna da abin da bai taɓa sawa a lissafi ba. Ya ƙarar da ƙarfin hannunsa a kan dogon jawabinsa, yana tsammanin amsar ba za ta wuce numfashi biyu ba, ga shi kuwa al'ada ta hana shi sauke ƙoƙo sai an gama. Hannun da ya saba da carbi da mafici ne. Na gabansa kuwa hannun jan baka ne.

"Ka ce a buɗe ƙofa," in ji Tunau. Ya tsaya, ya numfasa. "Mun buɗe ta ranar nan. Ku tambayi masu sassaƙa muku tsani."

Shiru kuma. Kafaɗar Turaki ta fara zafi, gwiwar hannunsa tana neman haƙarƙari, yana janye ta. Ya kasa daurewa, ya yi abin da jakada bai taɓa yi ba, ya katse mai amsa. "Ciroma, ka gama?"

Tunau ya dube shi har sai da mutumin ya ƙifta ido. "Ban gama ba."

A nan ne Turaki ya leƙa ƙoƙonsa. Yana leƙawa kuwa ruwan ya kaɗa, ya yi ƙoƙarin daidaita shi, hannun ya ƙwace masa da rawa. Ruwa ya zubo ta gefe, ya bi tsintsiyar hannu, ya jiƙa hannun rigarsa har gwiwa, ya ɗiga a kan dutse kowa yana gani. 'Yan rakiyarsa suka yi tsuru-tsuru. Kunya da fushi suka rufe wa Turaki ido, ya manta inda yake, ya juya wajen manyan fada.

"Cindo, ba haka ka aiko mana ba. Ka ce uban na kwance, ɗan kuwa ko sunansa ba ya iya faɗa."

Kowa ya juya ya dubi Galadima Cindo. Madawaki bai jira umarni ba, ya ɗaga yatsa, dogarai suka dafa kafaɗun tsohon ta dama da hagu. An yi masa alkawarin gadon Dargaza ne in an shanye ruwa, wannan daga baya ya faɗa da bakinsa. Tir da furfurar da aka ɓata a kan irin wannan ciniki.

Jama'a suka yunƙura za su yi ihu, Tunau ya ɗaga hannun hagu, suka tsaya. Har yanzu ƙoƙonsa na miƙe, tozon ruwan yana nan yadda aka cika shi. Abin mamaki, da ya sake buɗe baki sai ya ji wuyan ya saki.

"Turaki, koma ka faɗa wa ubangidanka abin da ka gani da idonka, ka bar abin da aka aiko maka. Tamburan Dargaza suna nan inda kakanmu ya rataye su. Mai son su ya hau ganuwa ya ɗauka, muna sama muna jiransa. Ka kuma faɗa wa talakawan da ya koro daga gonakinsu cewa ba mu da faɗa da su. Wanda ya juya gida ya yi shuka, babu kibiyar da za ta bi bayansa. Wanda ya taɓa tsani, a gindin ganuwarmu za a yi masa kabari. Na gama."

Ya juya tafin hannunsa, ruwan ya zube ƙasa gaba ɗaya. Mata suka rangaɗa guɗa, tambari ya ɗauka, tsofaffin kan ganuwa suka yi ta buga mashi a garkuwa kamar samari.

Labarin ya riga Turaki isa sansani, don 'yan rakiyarsa tun daga bakin gulbi suka fara faɗa. Kafin la'asar babu ɗan baka ko mai gatari a rundunar Kumbula da bai ji cewa ruwan jakadansu ne ya zube ba, ya kuma ji alkawarin da aka yi wa mai komawa gona. Sarkin Kumbula ya dubi jiƙaƙƙen hannun rigar Turakinsa, ya tuna saƙonnin Galadima, sai ya ga kamar tarko ne aka ɗana masa don ya tura mutanensa kan ganuwar da ke cike da maza. Ya ba da umarni a janye tsani daga bakin ganuwa zuwa kurmi, a dakata.

Mai tsaron Ƙofar Gulbi ne ya kawo wannan labari a guje. Ya ƙara da cewa gabas ta yi baƙi ƙirin tun daga ƙasa har sama, kuma an hango wasu daga gefen sansanin suna ɗaure kayansu. Madawaki ya saurara, ya juyo wajen Tunau, ya faɗi ya yi gaisuwa irin wadda bai taɓa yi masa ba.

Tunau bai tsaya karɓar gaisuwa ba, ya wuce cikin gida. Sarki Barmo na kwance a kan shimfiɗa, wuyansa ɗaure da sawayen magani, Magajiya na zaune a gefe tana yi masa fifita. Ya ji guɗa da tambari, amma bai san ko na mene ne ba, tsohuwar kuwa ta ƙi faɗa masa. Tunau ya durƙusa. Uban ya miƙo hannu da ƙyar, ya kama hannun rigar ɗan na dama, ya shafa daga tsintsiya har gwiwa, ya sake shafawa. A bushe yake. Idanun Sarki suka ciko, ya riƙe hannun bai saki ba.

Can ya nuna tulu da ido. Tunau ya tashi ya ɗebo ruwa a moɗa, ko rabi bai cika ba, ya kawo zai ba shi. Sai a lokacin rawar da ya danne tun hantsi ta zo masa gaba ɗaya. Hannun ya kama kyarma kamar na mai zazzaɓi, moɗar tana bugun haƙoran Sarki, ruwan ya zube a gemunsa da ƙirjinsa. Babban yatsan ƙafarsa kuwa jini yake yi a kan tabarma, bai ma sani ba.

Kafaɗun Sarki suka fara girgiza, yana dariyar da ba ta da sauti, hawaye na bin kumatunsa. Magajiya ta ajiye mafici, ta karɓe moɗar daga hannun Tunau.

"Kawo nan, kada ka nutsar mini da ƙane," ta ce. "Zauna ka yi rawarka ta ishe ka, nan babu mai gani."

Ya zauna a ƙasa ya jingina da bango, yana kyarma. A waje iska ta taso, ta fara buga asabarin ƙofa, da ƙanshin ƙasar da ruwa ya taɓa a wani wuri ba nisa.